Tseren Motoci: A Haɗa Manuwal da Otomatik, Amma a Ba Agogo Alƙalanci

Duk wanda ya taɓa zama a tashar Anka ko ta Gummi yana jiran mota ta cika, ya san gardamar nan da ba ta tsufa. Direban Golf ɗin da ke zirga-zirga daga Gusau ta Mayanchi zuwa Daki Takwas zai ce otomatik motar masu hutu ce, kuma wanda bai iya sarrafa kuloci ba bai isa a kira shi direba ba. Matashin da ya sayo Camry ko Corolla 'yar Kwatano zai yi murmushi, ya ce a bar cika baki a tsaya a layi, a ga wanda zai sha ƙura. Kowa yana da hujjarsa, kuma yawanci ana watsewa ba tare da an sasanta ba.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, wannan gardamar ta tasha ita ce manyan masu tseren motoci na Amurka suka kwashe shekaru suna yi. Bambancin kawai, su nasu yana rubuce a littafin doka, kuma akwai kofi da kuɗi a kansa. Tambayarsu ita ce: a ci gaba da ware wa motoci masu giyar hannu rukuninsu daban, masu canza giya da kansu ma nasu daban, ko a haɗe su wuri guda?

Tambayar ta shafi Arewa fiye da yadda ake zato. Matasa suna kallon bidiyon tsere a YouTube da TikTok, suna kwaikwayo a kan titi ranar ɗaurin aure ko bayan sallar idi, ba doka, ba alƙali, ba motar asibiti. A watan Maris na 2020, lokacin da aka dawo da bikin kamun kifi na Argungu bayan kusan shekara goma, Hukumar NADDC ƙarƙashin Jelani Aliyu ta shirya gangamin motoci daga Abuja zuwa Argungu. Wannan ya nuna akwai masu sha'awa, akwai kuma hukumar da za ta iya tsayawa a kan lamarin. Ko ba daɗe ko ba jima, wani zai zauna ya rubuta dokar tseren gajeren zango a wannan yanki. Idan ya kwafo tsarin raba manuwal da otomatik yadda yake, zai yi kuskure. Abin da ya dace shi ne a haɗa su, a raba motoci bisa lokacin da suke ci.

Mene ne tseren gajeren zango?

Mota biyu ne ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa a kan miƙaƙƙiyar hanya, su tashi daga tsaye, su ci rubu'in mil, wato mita 402. Babu kwana, babu wuce juna. Komai yana ƙarewa cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Ƙungiyar da ta fi shahara a wannan wasa ita ce NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a Kalifoniya a 1951. Dalilin kafa ta ya yi kama da halin da ake ciki a biranen Arewa yau: matasa suna tsere a titunan gari suna hallaka kansu da bayin Allah, sai aka ga gara a kai su fili mai shinge da doka. Gasarta ta ƙasa ta farko an yi ta ne a 1955 a Great Bend da ke jihar Kansas. A 1963 aka daina dogara ga mai ɗaga tuta, aka kawo sandar fitilu: masu ruwan ɗorawa su kunnu, sannan koriya. Wanda ya motsa kafin koriya, jar fitila ta kama shi, ya faɗi tun bai yi nisa ba.

A rukunin motocin da suka fi kusa da na kasuwa, ana lissafa nauyin mota a kan ƙarfin dokin injinta, a ba ta aji. Kowane aji kuma an tsaga shi biyu. Alal misali, akwai A/S na giyar hannu, akwai A/SA na otomatik. Wannan harafi guda da ke ƙarshe shi ne tushen rigimar.

Dalilin da ya sa aka raba su tun farko

Lokacin da kamfanin General Motors ya fito da giyar Hydra-Matic a motocin Oldsmobile na 1940, manufar ita ce a sauƙaƙa wa direba, ba a ƙara masa gudu ba. Giyar Powerglide da Chevrolet ta fitar a 1950 matakai biyu kacal gare ta. Irin waɗannan giyoyi suna da nauyi, suna cinye wani kaso na ƙarfin inji. Saboda haka raba ajin ya kasance kariya ga mai otomatik, don kada mai giyar hannu ya riƙa yi masa fintinkau.

Ga yadda abin yake. A giyar hannu, faifan kuloci ne ke manne inji da giya kai tsaye, ƙarfi yana wucewa kusan gaba ɗaya. Amma duk lokacin da direba ya taka kuloci don ya canza giya, taya tana rabuwa da inji na ɗan lokaci. A hannun direba na yau da kullum, wannan gibi yana iya kai rabin daƙiƙa, kuma a mita 402 sai an canza giya sau biyu ko uku. A otomatik ta gargajiya kuwa, wata tukunya ce cike da man giya ke tsakanin inji da giya. Fanka ɗaya tana juya man, man yana juya ɗaya fankar. Akwai zamewa da asarar ƙarfi, amma babu gibin taka kuloci, kuma a lokacin tashi tukunyar tana ninka ƙarfin juyin inji, tana kuma sassauta bugun da ke sa taya ta yi ta juyi a wuri ɗaya.

Da tafiya ta yi nisa sai reshe ya juye da mujiya. Tun farkon shekarun 1960 motocin Dodge da Plymouth masu giyar TorqueFlite suka fara cin kofuna. Makanikai suka gano yadda ake gyara tukunyar man don inji ya hau sosai kafin mota ta tashi. Aka ƙirƙiro na'urar da ke kulle giya a layi, ta sake ta da danna maɓalli. Ita kanta Powerglide da ake rainawa ta zama abin so ga masu tsere har yau. A 1989 Ferrari ta shigo da canza giya ta maɓallin bayan sitiyari a gasar Formula 1, Nigel Mansell ya ci tseren Burazil da ita a fitarta ta farko. A 2003 Volkswagen ta sa giyar DSG mai kuloci biyu a Golf R32: giya ɗaya tana aiki, ta gaba tana jira a shirye, kwamfuta tana sauya su cikin ƙiftawar ido. Dodge Demon ta 2018, mai ƙarfin doki 840, ta ci rubu'in mil a daƙiƙa 9.65, kuma ba a ma yi ta da giyar hannu ba.

Katangar da aka gina don kare otomatik, yanzu a wurare da dama manuwal take karewa.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu son a haɗa suna cewa motocin giyar hannu sun yi ƙaranci. Ajin da mota ɗaya ko biyu ke cikinsa ba gasa ba ne. Mutum ya ɗauki kofi bai kara da kowa ba, ya koma gida yana taƙama. Yawan aji yana ƙara wa masu shiryawa aiki, yana rarraba kuɗin kyauta, yana rikita 'yan kallo. Sun ƙara da cewa fasaha ta matso da giyoyin biyu kusa da juna, har bambancin bai kai a ware musu gida biyu ba.

Masu adawa su ma ba da wasa suke ba. A dokar wannan rukuni, idan motoci biyu 'yan aji daban suka haɗu, ana ba marar sauri damar fara tashi. Amma idan 'yan aji ɗaya ne, tare suke tashi, wanda ya riga isa shi ya ci. Da zarar an haɗe ajin, mai giyar hannu zai riƙa karawa ƙafa da ƙafa da motar da ba ta kuskuren giya, ba ta gajiya, ba ta firgita. A gudun kilomita 150 a awa, mota tana cin kusan mita 42 a daƙiƙa guda. Ke nan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya kai tsawon mota sukutum. Kuskure ɗaya wajen shiga giya ta uku ya isa ya raba mutum da kofi. Tsoronsu shi ne duk mai son nasara zai cire giyarsa ya sa otomatik, a wayi gari fasahar sarrafa kuloci ta ɓace daga fili.

Kowane ɓangare yana da gaskiya, amma dukansu suna magana ne a kan ƙasar da ke da ɗaruruwan motocin tsere da filaye a kowace jiha. Halin Zamfara da maƙwabtanta daban ne.

Otomatik ba abu ɗaya ba ce a nan

A titunan Arewa, motoci na zamani uku ne ke tafiya tare. Akwai tsofaffin Fijo da kamfanin PAN na Kaduna ya fara haɗawa tun 1975, da Golf da ke ɗaukar lodin da ya fi ƙarfinta, kusan duk masu giyar hannu. Akwai 'yan Kwatano masu otomatik mai mataki huɗu ko biyar, da yawansu sun haura shekara goma sha biyar, giyarsu ta fara jinkiri. Akwai kuma sababbin motocin masu hannu da shuni, masu mataki takwas ko goma, ko masu kuloci biyu. A gefe guda ga masu giyar CVT, wadda ba ta da matakai ma gaba ɗaya, bel ne ke zamewa tsakanin kwarkwaro biyu.

Idan aka ce duk waɗannan aji ɗaya ne saboda sunansu otomatik, an zalunci mai tsohuwar Camry, domin za a haɗa shi da motar da ta ninka tasa ƙarfi. Direba mai hannu da giyar manuwal yana iya kayar da tsohuwar otomatik mai ƙarfin inji irin nasa, amma ba zai ga ƙurar sabuwar ba. Sunan giya bai faɗi komai a kan saurin mota ba.

Babura ma sun nuna haka. A ƙauyukan Anka irin su Bagega, Dareta da Sunke, inda hanya ta ƙasa ce kuma damina ke mayar da ita caɓi, babur shi ne mota. Boxer tana da hannun kuloci. Roba-roba tana da giya a ƙafa, amma kulocinta da kansa yake kamawa idan inji ya hau. A wane aji za a sa ta? Ba cikakkiyar manuwal ba ce, ba cikakkiyar otomatik ba ce. Dokar da ta kasa amsa tambayar yaron da ke gyaran babur a Sunke ba ta isa ta zama doka ba.

Gaba kuma akwai lantarki. An riga an fara haɗa Hyundai Kona mai amfani da batir a Legas, kuma a 2021 NADDC ta buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Yawancin motocin lantarki ba sa canza giya ko kaɗan, kuma suna ba da cikakken ƙarfinsu tun daga tsaye. Duk dokar da aka gina a kan sandar giya, ranar da irin wannan mota ta tsaya a layi za ta rushe.

Sai batun yawa. A ce an shirya gasa motoci goma sha shida suka zo. A raba su gida huɗu bisa girman inji, sannan a tsaga kowane gida biyu bisa giya. An samu aji takwas, kowanne mota biyu. Zagaye ɗaya an gama, kofuna sun fi gasar yawa.

Darasi daga filin kokawa

Hausawa ba baƙi ba ne a wannan lissafi. A kokawar takobi ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, babu ruwan kowa da nauyi. Ƙato da siriri suna shiga fili ɗaya, kuma daɗin kallon yana cikin ganin dabara ta kayar da ƙarfi. A gasar kokawa ta ƙasashen ECOWAS kuwa, ana auna 'yan wasa a raba su bisa nauyi. Tsari biyu ne, kowanne da hikimarsa. Amma babu inda ake raba 'yan kokawa bisa irin kamun da suka fi ƙwarewa a kai. Ana raba su ne da abin da sikeli zai iya aunawa, a bar wa kowa dabararsa. A tseren mota, sikelin shi ne agogo, giya kuma dabara ce.

Tseren alƙawarin lokaci

Tsarin da zai warware matsalar ya daɗe a ƙananan filayen Amurka, kuma shi ne abincin masu tseren ƙarshen mako. Kowane direba yana gwada motarsa sau biyu ko uku da safe. Daga nan sai ya rubuta a gilashi lokacin da ya yi alƙawarin zai ci. Na'urar fitilu tana lissafa bambancin da ke tsakanin motocin biyu, ta ba marar sauri koriya tukuna.

A ce mai Golf ya rubuta daƙiƙa 18, mai sabuwar mota ya rubuta 14. Fitilar Golf za ta kunnu daƙiƙa huɗu kafin ta abokin karawarsa. Idan kowa ya cika alƙawarinsa daidai, tare za su isa. Abin da zai raba su shi ne wanda ya fi saurin amsa fitila, da wanda ya fi kusantar lokacin da ya rubuta. Akwai kuma tarko ga mai wayo: duk wanda ya yi sauri fiye da alƙawarinsa ya faɗi. Idan mai sabuwar mota ya rubuta 15 don ya rage wa kansa jira, sannan ya ci 14.5, ya kayar da kansa. Idan duka biyun suka zarce, wanda zarcewarsa ta fi ƙanƙanta shi ya ci.

Amfanin wannan tsari a yanki irin Gummi ko Bukkuyum a fili yake. Kuɗi ba ya sayen kofi. Ɗan mai kuɗin da ya zo da mota mai tsada ba shi da wata riba a kan makaniken da ya san motarsa ciki da waje. Ba a buƙatar kwance inji don a tabbatar ba a yi coge ba, abin da ke buƙatar ƙwararru da kayan awo. Babu kuma dalilin da zai sa mutum ya matsa wa injinsa har ya fashe, domin daidaito ake nema, ba iyakar gudu ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da motar da ya zo tsere da ita, ita ce zai fita neman abinci da ita ranar Litinin.

Inda gizo ke saƙa

Gaskiya ɗaya ce dole a faɗe ta: ko a wannan tsari, otomatik tana da ɗan rinjaye. Tana maimaita abu iri ɗaya kowane zagaye, shi kuwa ɗan Adam ƙafarsa da hannunsa ba su cika maimaita motsi daidai wa daida ba. Shi ya sa a filayen Amurka mafi yawan masu cin irin wannan gasa otomatik suke tuƙawa. Duk wanda ya ce haɗewar ba za ta taɓa masu giyar hannu ba, bai faɗi gaskiya ba.

Amma maganin wannan ba shi ne a koma ga tsaga kowane aji biyu ba. Abu uku sun wadatar. Na farko, a hana duk wata na'urar lantarki da ke saki ko jinkirta tashin mota. Ƙafar direba kaɗai za ta yi aiki, daga birki zuwa totur, kamar yadda ake yi a ajin masu tashi da birkin ƙafa a can. Na biyu, a ware kofi na musamman ga direban giyar hannu da ya fi kowa nisa a gasar, da zagaye guda na masu kuloci zalla a ƙarshen yini. Ɗaukaka ce, ba katanga ba. Na uku, a ajiye alƙaluman kowace gasa. Idan bayan shekara biyu ko uku ta bayyana cewa masu giyar hannu ba sa kai labari kuma yawansu ya isa aji, sai a sake zama. Doka ba wahayi ba ce.

Akwai dalilin kare wannan fasaha da ya wuce son zuciya. Giyar hannu makaniken Anka zai sauke ta da sifana a ƙarƙashin bishiya, ya canza faifan kuloci kafin la'asar. Idan batir ya mutu, mutum uku sun isa su tura mota ta tashi. Otomatik ta zamani idan ta yi gardama, sai an nemi mai kwamfutar bincike a Gusau ko Sakkwato, kayan gyara kuma wataƙila sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Tseren da zai koya wa matasa cewa manuwal kayan tarihi ce, zai raba su da abin da hanyoyinsu ke buƙata.

Na'urorin da za su yi alƙalanci

Duk wannan tsari ya rataya ne a kan agogo na gaskiya. Agogon hannu ko na waya da mutum ke dannawa ba zai yi ba, domin jinkirin yatsa kaɗai ya fi tazarar da ke raba motoci biyu.

Manhajojin waya masu auna gudu su ma suna da iyaka. GPS na yawancin wayoyi sau ɗaya yake sabunta wuri a kowace daƙiƙa, kuma an ga cewa mota tana iya cin mita 42 a wannan tsakani. Ƙananan na'urori irin su Dragy, da ake ɗorawa a gaban mota a haɗa da waya ta Bluetooth, suna karanta wuri aƙalla sau goma a daƙiƙa. Sun isa ga direban da ke son sanin lokacin motarsa, amma ba za su iya tantance wanda ya riga amsa fitila ba.

Abin da filayen gaske ke amfani da shi shi ne zaren haske da ido ba ya gani, wanda ke ratsa hanya dab da ƙasa. Idan tayar gaba ta bar zaren farko, agogo ya fara. Idan mota ta yanke na ƙarshe, ya tsaya. Wannan ba sihiri ba ne. Allon Arduino, 'yan na'urorin gane haske, fitilun LED, batirin mota da faifan sola sun isa a haɗa irinsa, kuma yana iya auna kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Aiki ne da ɗaliban injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, ko ta Abdu Gusau da ke Talatar Mafara, za su iya ɗauka a matsayin aikin kammala karatu. A ƙara da waya mai ɗaukar hoto 240 a daƙiƙa a kan layin ƙarshe. Tsakanin hoto da hoto kusan kashi huɗu ne cikin dubu na daƙiƙa, wanda ya isa ya kashe bakin mai ƙorafi.

Rai ya fi kofi

Babu amfanin gyara aji idan titin jama'a ne filin. Hanyar Mayanchi zuwa Gummi ta masu zuwa kasuwa ce da masu kai mara lafiya asibiti, kuma direbobinta sun riga sun ishi kansu da fargabar rashin tsaro. Tsere yana buƙatar wuri rufaffe, da izinin hukuma, da jami'an FRSC, da motar asibiti, da tukwanen kashe gobara, da hular kwano da bel, da shingen da zai nisanta 'yan kallo daga bakin hanya. A halin da ake ciki, manyan garuruwa irin su Gusau, Sakkwato, Birnin Kebbi ko Argungu su ne suka fi dacewa da farawa.

Zai fi kyau kuma a fara da rabin zangon, wato mita 201, kamar yadda filaye da yawa ke yi. Idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke buƙata tana ninkawa sau huɗu, kuma tayoyin da ake sayarwa na hannu ba abin dogaro ba ne. Ko NHRA, da duk kayan aikinta, sai da ta rage wa motocinta mafi gudu zango zuwa ƙafa 1,000 a 2008, bayan rasuwar Scott Kalitta a filin Englishtown. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Gardamar tasha ba za ta mutu ba, kuma babu buƙatar ta mutu. Direban Golf zai ci gaba da kare kulocinsa, mai Camry zai ci gaba da murmushinsa. Abin da ake nema daga duk wanda zai rubuta dokar, hukuma ce ko ƙungiyar matasa, shi ne ya tsayar da su a layi ɗaya, ya sa kowa ya rubuta alƙawarinsa a gilashi, ya bar zaren haske ya yanke hukunci. Sannan kowa ya koma gida da ransa, da kuma motar da zai yi lodi da ita washegari.